Yadda muka tayar da BGP tsakanin Kano da Kaduna bayan hanyar difol ta tsayar da mu

Duk wanda zai haɗa rauta biyu (na'urorin da ke nuna wa bayanai hanya a intanet) da BGP, tsarin da rautoci ke gaya wa juna hanyoyin da suka sani, alhali ba waya ɗaya ce ta haɗa su kai tsaye ba, ya fara duba teburin hanyoyin kowace kafin ya sanar da kwastomomi cewa za a yi aikin dare. Idan iyakar abin da kowace ta sani game da 'yar'uwarta hanyar difol ce, wato 0.0.0.0/0 ɗin nan da rauta ke tura duk fakiti, wato ƙunshin bayanai, da ba ta san takamaimiyar hanyarsa ba, to a kan Cisco IOS, manhajar rautocin Cisco, haɗin ba zai tashi ba, ko da ping, gwajin ko ɗayar na amsawa, na tafiya lafiya lau. Wannan abu ya cinye mana lokaci da barci, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin tun daga takardu har zuwa ranar da layin ya zauna. Adiresoshin da zan ambata na misali ne, ba namu na gaske ba.

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano, muna da lasisin NCC, muna kai intanet makarantu da shaguna da ƙananan asibitoci ta rediyo a kan ƙarafan sabis, wasu wuraren kuma ta faiba. Tun a 2020 muka nemi lambar AS, wato lambar da ake gane cibiyar sadarwar kamfani da ita a BGP, da adiresoshin kanmu daga AFRINIC, hukumar da ke rabon waɗannan abubuwa a Afirka, wadda ofishinta ke Moris. Komai ta intanet ake yi, ba inda za ka je. Sun nemi takardar rajistar kamfani ta CAC, da lasisi, da shaidar yarjejeniyarmu da kamfanin da ke sayar mana da layi, da kuma tsarin yadda za mu raba adiresoshin. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɗaukar lokaci, domin sun dawo da tambayoyi a kan yawan kwastomomi da na'urorin da muke da su, kuma tambayoyi ne masu ma'ana. Tun watan Janairun 2020 adiresoshin IPv4 da suka rage a hannunsu sun yi ƙarancin da ba sa ba kowa fiye da /22 a lokaci guda, wato adireshi 1,024, ba sa kuma bayar da ƙasa da /24, wato 256. Mun samu /23, adireshi 512. Bayan an amince sai ka sa hannu a yarjejeniyar zama mamba, a turo maka takardar biya. Da dala ake biya, akwai na shiga akwai na shekara-shekara, kuma jiran banki ya tura kuɗin ya kusa kai jiran amincewar kanta. Wanda zai nema ya fara magana da bankinsa tun ranar da ya cika fom.

Da muka samu, ba mu yi BGP ba. Kamfanin da ke ba mu layi ne ya riƙa sanar da adiresoshinmu a madadinmu, mu kuma muka sa hanyar difol guda ta nufi wajensa. Haka muka zauna shekaru, lambar AS tana ajiye muna biya mata kuɗi. Abin da ya tashe mu shi ne ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda 4 suka lalace a gaɓar yammacin Afirka: WACS da MainOne da ACE da SAT-3. Shafukan waje suka zama kamar babu, alhali wasu abubuwan cikin gida na buɗewa. Kamfanonin da ke da hanya ta wasu wayoyin tekun, Equiano ko Glo-1, sun fi saurin farfaɗowa. Mu kuwa ƙofa ɗaya gare mu, sai haƙuri muke ba mutane a waya. Bayan sallah mai kamfanin ya kira ni ya ce, "Injiniya, lambar nan da muke biya wa dala, lokacin amfaninta ya yi." Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai mu nemi layi na biyu daga wani kamfani dabam, wanda ba teku ɗaya suke sha da na farko ba." Da yake dama muna shirin buɗe reshe a Kaduna, aka yanke shawarar layi na biyu ya sauka can, Kano ta sanar da /24 ɗinta, Kaduna ta sanar da nata, kowace kuma ta ƙara da /23 ɗin gaba ɗaya, yadda idan ɗaya ta faɗi ɗayar za ta ɗauke mata.

Muka fara da kamfanin farko. Sashen ciniki ya tura mu sashen fasaha, suka ba mu fom: lambar AS, adiresoshin da za mu sanar, irin hanyoyin da muke so su turo mana, da kalmar sirri ta MD5 idan muna so. Sun nemi wasiƙar izini a kan takardar kamfani mai tambari da sa hannun darakta, sun kuma ce sai mun rubuta hanyoyinmu a rumbun bayanan AFRINIC, mun yi ROA a shafin MyAFRINIC, wato shaidar da ke tabbatar da cewa lambar AS ɗinmu ce ke da hurumin sanar da waɗannan adiresoshi. A nan a kula, idan za ka sanar da /24 daga cikin /23, dole ROA ɗin ya ba da damar tsawon 24, in ba haka ba manyan kamfanoni masu tacewa za su zubar da sanarwar. Ban ga laifin wannan tsanani ba ko kaɗan. Ranar 12 ga Nuwamba 2018 hanyoyin Google da kamfanin MainOne ke karɓa a cibiyar musayar intanet ta IXPN a Legas suka zube zuwa China Telecom saboda kuskuren saiti, zirga-zirgar Google ta wasu sassan duniya ta karkace sama da awa guda. A ƙasarmu abin ya faru, don haka duk mai tace abin da kwastoma ke sanarwa yana kan gaskiya. Game da hanyoyin da za su turo, teburin duniya na IPv4 ya haura hanya 900,000 a lokacin, rautarmu kuma ba ta da ƙwaƙwalwar ɗaukarsa, sai muka zaɓi su turo mana difol kawai. Aka sa mana ƙarfe 1 na dare. Da yake rautarsu da tamu suna kan /30 ɗaya, waya ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba `show ip bgp summary` ya nuna haɗin ya tashi. Na koma gida da wuri ina murna.

Kamfani na biyu a Kaduna tsarinsa dabam ne. Takardun iri ɗaya ne, da ƙarin kuɗin jawo faiba zuwa ofis da jiran a gama haƙa, amma na'urarsu da ke kusa da mu ba ta yin BGP da kwastomomi. Rautar da za mu yi magana da ita tana Abuja, akwai na'urori a tsakani. A eBGP, BGP ɗin da ke tsakanin kamfanoni biyu, fakiti na fita da TTL 1 (lambar da ke iyakance rautocin da zai ratsa), wato ba ya tsallake ko rauta ɗaya, don haka suka ce mu sa `neighbor 198.51.100.9 ebgp-multihop 5` domin a ɗaga TTL ɗin, su ma su sa nasu. Sabuwar rautarmu ta Kaduna ba ta da komai a teburinta sai layukan da ke jikinta da difol da na rubuta da hannu zuwa na'urarsu ta kusa. Muka saka saiti, muka ɗan jira, haɗin ya tashi. Na riƙe wannan a raina a matsayin shaida cewa difol ta isa a kai ga maƙwabci mai nisa. Ashe akwai abin da ya faru a daren da ban gani ba sai daga baya.

Saura haɗin cikin gida, iBGP tsakanin rautar Kano da ta Kaduna, duka a lambar AS ɗaya. Ba mu da layin kanmu tsakanin garuruwan biyu, nisan ya fi kilomita 200, don haka za a bi ta cikin kamfanonin biyu, kowace rauta ta kira adireshin waje na ɗayar. Na aika abokin aikina Kaduna, ni na zauna Kano, muka sanar da kwastomomi, muka zuba man janareto. A iBGP ba a buƙatar multihop, TTL ɗinsa 255 ne. Muka rubuta `neighbor` da `remote-as` a kowane ɓangare, muka zuba ido. Shiru. Matsayin yana yawo tsakanin Idle da Active, wato haɗin bai tashi ba, saƙon da aka aika sifili, wanda aka karɓa sifili. Na yi ping daga Kano zuwa 203.0.113.6, adireshin rautar Kaduna, biyar cikin biyar. Shi ma ya yi daga can, haka. Muka yi traceroute, ya isa. Muka karanta wa juna lambar AS da adireshi harafi-harafi a waya. Muka cire kalmar sirri ko ita ce, muka ɗage jerin tacewa da ke bakin layin na ɗan lokaci. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da na yi `telnet 203.0.113.6 179` daga rautar Kano, ƙofar ta buɗe. Wato haɗin TCP da BGP ke hawa kansa na wucewa, ƙofa ta 179 da BGP ke amfani da ita ba a toshe take ba, ɗayar rautar kuma tana saurare. Har aka kira assalatu muna wuri ɗaya. Abokin nawa ya ce, "Oga, anya ba a hanya ake riƙe mana ba?" Muka mayar da komai yadda yake, muka rufe aikin.

Da safe na buɗe tikiti a kamfanonin biyu ina tambaya ko suna tace ƙofa ta 179 tsakanin kwastomomi. Wannan jira shi ne mafi nauyi a gare ni. Mai kamfani ya riga ya biya layi biyu, wata na tafiya, kuma abin da aka kashe kuɗin dominsa bai samu ba. Kullum ya wuce sai ya ce, "Injiniya, ya ake ciki?" ni kuma ba ni da amsar da ta wuce ana dubawa. Kamfani ɗaya ya amsa cewa ba sa tace komai. A ɗayan kuwa aka haɗa ni da wani babban injiniyansu, dattijo a sana'ar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, kafin mu zargi hanya, buga min `show ip route` da adireshin maƙwabcin, ka karanta min abin da ta ce." Na buga. Rauta ta ce `% Network not in table`. Na ce masa ai akwai difol, ping ma na tafiya. Ya ce, "Ping na tafiya da difol, BGP ba ta fita da ita. Kunna `debug ip bgp` ka gani." Na kunna, sai ga layi yana maimaita kansa, a cikinsa an rubuta `no route to peer`. Na duba `show tcp brief`, babu ko ƙoƙarin haɗi ɗaya zuwa 179. Duk daren nan da muka kwana, rautocin biyu ba wadda ta aika ko fakiti ɗaya na BGP, kowace tana zaune tana jiran ɗayar.

Maganin layi ɗaya ne. A Kano na rubuta `ip route 203.0.113.6 255.255.255.255` zuwa adireshin kamfanin farko, wato hanya ta /32 mai nuna adireshi guda tak. Ban ma kai ga kiran Kaduna ba, cikin ƙasa da minti guda haɗin ya nuna Established, wato ya tashi. Na zauna ina kallon allon, wani sanyi ya sauka min a zuciya, na yi hamdala. Amma tashinsa da gyaran ɓangare ɗaya kawai ya sa na koma na binciki haɗin Abuja da ya tashi da difol. A ƙarshen `show ip bgp neighbors` akwai layin da ke nuna ƙofar gida da ƙofar waje. Tamu 179 ce, tasu kuma wata babbar lamba. Ma'ana su ne suka kira, mu amsawa muka yi. Rautarsu ta Abuja ta san takamaimiyar hanyar zuwa adireshinmu domin daga cikin nasu yake, ita ta fara aiko da SYN, fakitin buɗe haɗi, tamu kuma ta mayar da amsa ta difol kamar yadda take mayar da kowane fakiti. Rauta mai difol kaɗai tana amsa sallama idan an zo ƙofarta, amma ba ta fita ta yi sallama a gidan da ba a kwatanta mata ba. Idan ɗaya ta san hanya, haɗi zai tashi. Idan duka biyun da difol suka dogara, babu mai farawa. Haka ma telnet ɗin nan da ya buɗe, ni ne na fara kiran da hannuna, shi ya sa ya wuce.

Da na natsu na ga hikimar wannan tsari. Difol ba ta ce maka maƙwabci yana nan ba, cewa take a jefa nan ko a dace. Sau da yawa kuma difol ɗin daga BGP take zuwa, kamar tamu ta Kano. Idan haɗin BGP ya tsaya a kan hanyar da BGP ce ta kawo ta, ranar da difol ta sauya hannu, fakitocin haɗin ma za su sauya hanya, wataƙila su bi ta cikin abin da su ne ke riƙe da shi. A Cisco saƙon ina-nan na fita duk daƙiƙa 60, idan aka yi 180 ba a ji ba haɗin ya faɗi, hanyoyi su janye, difol ta dawo inda take, haɗin ya sake tashi, a sake zagayowa. Layin da ke faɗuwa yana tashi duk minti uku ya fi wanda ya mutu gaba ɗaya wahalar ganewa. Wasu na kewaye ƙa'idar da raba difol gida biyu, 0.0.0.0/1 da 128.0.0.0/1, domin rauta ta ɗauke su a matsayin hanyoyi na musamman. Haɗin zai tashi, amma ban ba kowa shawarar haka ba, domin waɗannan biyun sun fi difol tsawo, za su danne duk difol da kamfani ya turo maka ta BGP, ka rasa sauyin hanyar da ka yi duk wahalar dominsa. Masu amfani da manhajar rauta ta FRR a kan Linux kuma su san umarnin `ip nht resolve-via-default`, shi ke yanke ko za a yarda a nemo maƙwabci ta difol ko a'a, su duba yadda yake a sigar da suke da ita. A ranar na sa /32 a Kaduna zuwa Kano, na kuma sa wata zuwa rautar Abuja duk da haɗinta na tsaye, domin da kamfanin zai mayar da nasa ɓangaren mai jiran kira kawai, da haɗin ya mutu ba tare da mun taɓa komai ba.

Ganin Established bai gama aikin ba. Rautocin biyu sun fara gaya wa juna hanyoyi, amma na'urorin kamfanonin da ke tsakaninsu ba su cikin hirar. Idan Kano ta yanke shawarar fita ta Kaduna, fakitin zai shiga hannun kamfanin farko, shi kuma ya kai shi inda teburinsa ya ce, ba inda muke so ba. Sai muka gina tanel na GRE, wato hanyar da ake naɗe fakiti cikin wani fakiti, tsakanin adiresoshin waje biyu, muka mayar da iBGP cikinsa, inda rautocin suka zama kamar waya ɗaya ta haɗa su, muka sa `next-hop-self` a kowane ɓangare. A nan hanyoyin /32 ɗin nan suka sake yin rana. Idan difol ta koma cikin tanel, kuma bakin tanel ɗin ba shi da hanyarsa ta kansa, rauta za ta nemi kai tanel ta cikin tanel, sai ta kashe shi ta rubuta `%TUN-5-RECURDOWN`. Da /32 a wurin, ƙarshen tanel yana nan daram a kan layin waje komai ya sauya. GRE kuma yana cin bait 24, fakiti mafi girma ya koma 1476 maimakon 1500, don haka muka sa `ip tcp adjust-mss 1436` a bakin tanel ɗin. Kafin mu sa, wasu shafuka sun riƙa buɗewa rabi su tsaya ga kwastoman da muka gwada da layinsa. Gwajin ƙarshe mun yi shi da dare: muka rufe haɗin BGP na kamfanin farko da hannu, difol ɗinsa ta janye, zirga-zirgar Kano ta bi tanel ta fita ta Kaduna, masu shigowa kuma suka biyo /23 ɗin da Kaduna ke sanarwa.

Abin da zan gaya wa mai shirin wannan aiki shi ne ya rubuta sunan kowane maƙwabci a takarda, ya buga `show ip route` da adireshinsa, ba ping ba. Idan amsar ba ta nuna hanya ta musamman ba, ko ta layin da ke jikin rauta, ko wadda aka rubuta da hannu, ko ta OSPF, tsarin musayar hanyoyi na cikin gida, ya gyara kafin daren aiki, kuma a ɓangarorin biyu. Idan haɗi ya tashi, ya duba wa ya kira wa, domin tashin na iya zama alherin ɗaya ɓangaren ne kawai. Idan ya ƙi tashi kuma adadin saƙonni sifili ne, ya fara tambayar rautarsa ko ta aika wani abu ma, kafin ya buɗe tikiti ya zauna jiran kamfani. A cikin fom ɗin kamfani kuma ya tambaya tun farko ko rautar BGP ɗinsu a kan waya ɗaya take da tasa ko tana wani gari, domin sashen ciniki ba ya faɗa sai an tambaya, kuma amsar ce ke nuna ko zai buƙaci multihop da /32. Takardun AFRINIC da ROA da wasiƙar izini a gama su kafin a ja faiba, kada layi ya iso kuɗin wata ya fara tafiya ana jiran sa hannun darakta.

Akwai abu biyu da har yanzu tsarinmu bai rufe ba, kuma na gaya wa mai kamfani su a fili. Tanel ɗin a kan layin kamfanin farko yake tafiya, don haka yana ceton mu idan matsalar daga teku take kamar ta Maris 2024, inda hanyoyin cikin gida ke raye, amma idan aka sare faibar da ke shigowa ofishinmu na Kano, tanel ɗin ma ya tafi. Na biyu, kamfani na iya ci gaba da turo difol alhali hanyarsa ta waje ta cushe ko ta mutu, rauta kuma ba za ta sani ba, sai mutum ya sauya fifiko da hannu. Saboda haka muna neman farashin layi na kanmu tsakanin Kano da Kaduna daga kamfani na uku, da rauta mai ƙwaƙwalwar ɗaukar cikakken tebur, mun kuma fara tambayar sharuɗɗan shiga IXPN a reshensu na Kano. Hanyoyin /32 ɗin kuwa na sa wa kowace suna a cikin saiti mai bayyana maƙwabcin da take riƙe da shi, na kuma rubuta su a littafin miƙa aiki, saboda kada wani ya zo share tsofaffin layuka ya ɗauka ba su da amfani.